Dammai a Cikin Cibiyar Zarra: Abin da Harbin Furoton Ya Bayyana

1.0 Gabatarwa

Duk manomin da ke ƙasar Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san hanya biyu ta ajiye gero. Ko dai a sussuke shi, a sheƙe, a zuba tsabar cikin buhu inda kowace ƙwaya take zaman kanta, ko kuwa a ɗaure zangarkun dami-dami a jera su cikin rumbu. Hatsin iri ɗaya ne, amma yadda yake zaune ya bambanta, kuma wanda bai leƙa ciki ba ba zai iya cewa ga yadda aka ajiye shi ba.

Masana kimiyyar zarra sun shafe fiye da shekara tamanin suna muhawara a kan wata tambaya mai kama da wannan. Tambayar kuwa ita ce: ƙwayoyin da suke cikin cibiyar zarra, a warwatse suke kamar tsaba a buhu, ko kuwa a ɗaure suke dami-dami? Amsar da bincike ya kai gare ta ita ce cewa a cikin ƙananan cibiyoyi, irin na litiyam da beriliyam da kabon, ana samun zaman iri biyun duka, kuma akwai ƙa'idar da take nuna inda dammai suka fi bayyana. Wannan lacca za ta bayyana dalilin da ya sa aka fara zaton akwai dammai, da yadda ake harba furoton don tabbatar da su, da iyakar abin da wannan hanya take iya nunawa, sa'an nan da rabon da jami'o'in Nijeriya za su iya samu cikin wannan aiki.

2.0 Zarra da Cibiyarta

A shekarar 1911 ne Ernest Rutherford, yana Jami'ar Manchesta a Ingila, ya bayyana cewa kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra yana tattare ne a wuri ɗaya ɗan mitsitsi a tsakiyarta, watau cibiya. Ƙanƙantar wannan cibiya ta wuce misali. Da za a faɗaɗa cibiyar kabon har ta kai girman randa mai faɗin mita ɗaya, to faɗin ita zarrar gaba ɗaya zai kai wajen kilomita 30, watau kwatankwacin tazarar Kaura Namoda da Zurmi. Ma'aunin da ake auna cibiya da shi sunansa femtomita. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, aka sake raba kowane gida zuwa miliyan, to kashi ɗaya daga ciki shi ne femtomita. Faɗin cibiyar kabon bai wuce femtomita 5 ko 6 ba.

Ƙwayoyi iri biyu ne suke cikin cibiya. Akwai furoton, mai ɗauke da cajin lantarki, da kuma nutiron wanda ba shi da caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Nauyinsu kusan ɗaya ne. Yawan furoton shi ne yake ba sinadari sunansa: haidirojin yana da 1, hiliyam 2, litiyam 3, beriliyam 4, boron 5, kabon 6, oksijin 8. Lambar da ake liƙa wa sunan kuwa jimillar furoton da nutiron ce. Saboda haka idan an ce kabon-12, ana nufin furoton 6 da nutiron 6.

Ana auna kuzari a wannan fanni da wani ma'auni da ake taƙaita sunansa da MeV. MeV ɗaya shi ne kuzarin da furoton yake samu idan aka ingiza shi da ƙarfin lantarki na bolt miliyan ɗaya. Don a gane girmansa, ƙonewar zarrar kabon ɗaya a cikin gawayi ba ta ba da abin da ya wuce kashi huɗu cikin miliyan na MeV ɗaya.

3.0 Asalin Zaton Dammai

Damin da ake magana a kansa shi ne cibiyar hiliyam-4, watau furoton biyu da nutiron biyu, wadda aka fi sani da ƙwayar alfa. Ɗaurinta yana da tsananin ƙarfi. Sai an kashe MeV 28.3 kafin a raba ƙwayoyin nan huɗu, kuma ba ta ko motsawa daga matakinta na ƙasa sai an ba ta kusan MeV 20. Saboda haka a cikin hargitsin da bai kai wannan ƙarfi ba, tana iya zama kamar abu guda.

Alamar farko ta zo ne daga manyan cibiyoyi. Yuraniyam, irin wanda aka fara haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971, yana fitar da ƙwayar alfa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. A 1928 George Gamow ya yi bayanin yadda alfa take kuɓucewa daga cibiya, amma bayanin nasa ya ɗauka ne cewa ta riga ta haɗu a ciki kafin ta fito. Alama ta biyu ta zo a watan Afrilu na 1932, sa'ad da John Cockcroft da Ernest Walton, a ɗakin bincike na Cavendish da ke Kambirij, suka harba furoton a kan litiyam-7. Ƙwayoyi bakwai da ɗaya suka zama takwas, nan take suka rabu gida biyu daidai: alfa biyu, kowace ta nufi gabanta, tare da kuzarin MeV 17.3. Wannan aiki ne ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1951.

Alama ta uku tana cikin lissafi. Kafin a cire nutiron ɗaya daga kabon-12 sai an kashe MeV 18.7, furoton ɗaya kuwa MeV 16. Amma cire ƙwayoyi huɗu a dunƙule, watau alfa guda, MeV 7.4 kawai yake ci. Ashe ke nan ɗauke dami ya fi zare zangarniya ɗaya sauƙi. Bisa irin waɗannan dalilai ne Lawrence Hafstad da Edward Teller suka gabatar da ra'ayi a 1938, cewa beriliyam-8 dami biyu ne, kabon-12 dami uku, oksijin-16 dami huɗu.

Sai dai wannan ra'ayi bai daɗe yana tashe ba. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka, da Hans Jensen da abokan aikinsa a Jamus, suka zo da wani tsari dabam. A nasu ganin kowace ƙwaya tana kewayawa ita kaɗai a cikin cibiya, kuma ƙwayoyin suna cika matakai ne ɓawo bisa ɓawo kamar albasa. Wannan tsarin ɓawo ya warware matsaloli masu yawa, har ya kai su ga lambar Nobel a 1963, ya kuwa rufe maganar dammai na wani lokaci.

Wanda ya sasanta ra'ayoyin biyu shi ne Kiyomi Ikeda na ƙasar Japan, tare da Noboru Takigawa da Hisashi Horiuchi, a 1968. Ƙa'idarsu ita ce: dammai sun fi bayyana a lokacin da kuzarin cibiya ya kai kusa da gaɓar da za ta warware ta zama waɗannan dammai. Idan cibiya tana can ƙasa da wannan gaɓa, to dammai suna matsuwa, su shige cikin juna, su narke kamar yadda tsarin ɓawo ya ce. Idan ta kusanci gaɓar, sai ta kumbura, kowane dami ya sami sarari ya fito da kamanninsa. Litiyam-6 yana nesa da gaɓar rabuwarsa da MeV 1.47 kawai, litiyam-7 da MeV 2.47, saboda haka ana sa ran ganin dammai a cikinsu ko da suna matakin ƙasa. Beriliyam-8 kuwa ya ma ɗan haye gaɓar da MeV 0.092, shi ya sa ba ya zama: yana rabuwa zuwa alfa biyu cikin lokacin da bai wuce kashi ɗaya ba idan aka raba sakan guda da lamba 1 mai bin sifiri 16.

4.0 Abin da Ya Rataya a Kan Wannan Tambaya

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai noman gero da yadda ƙwayoyi suke zaune a cikin cibiya? Ruwansa kuwa babba ne. Kusan rabin nauyin busasshen karan gero kabon ne, haka kuma wajen kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin ɗan Adam. Binciken taurari ya nuna cewa wannan kabon a cikin taurari yake samuwa, daga hiliyam, a zafin da ya kai digiri miliyan 100. Amma akwai cikas a hanya. Babu wata cibiya mai ɗorewa da take da ƙwayoyi 5 ko 8. Idan alfa biyu suka haɗu suka zama beriliyam-8, kafin ƙiftawar ido sun rabu. Lalle ne alfa ta uku ta riske su a cikin wannan ɗan lokaci, ta kuma liƙe.

Edwin Salpeter ya yi lissafin wannan hanya a 1952. Fred Hoyle kuwa ya lura cewa kabon da za ta samar bai kai abin da ake gani a sararin samaniya ba, sai fa idan kabon-12 yana da wani mataki na musamman kusa da MeV 7.7, dab da gaɓar alfa uku, wanda zai zama kamar buɗaɗɗiyar ƙofa. A 1953 ya kai wannan magana Caltech a Kalifoniya, inda Ward Whaling da abokan aikinsa suka gwada, suka kuwa sami matakin. Awon da aka tabbatar daga baya shi ne MeV 7.65, watau MeV 0.38 bisa gaɓar alfa uku, wadda take MeV 7.27. Ana kiransa matakin Hoyle. Ko da an shiga wannan mataki, sau 4 kacal cikin 10,000 ne yake sauka ya zama kabon mai ɗorewa. A sauran lokutan warwarewa yake yi ya koma alfa uku. Daga wannan ɗan rabo ne aka sami kabon da ke cikin gawayi da hatsi da jini.

Abin lura a nan shi ne, lissafin tsarin ɓawo na yau da kullum ya kasa samar da wannan mataki a inda yake. Lissafin da ya ɗauki kabon a matsayin alfa uku masu sakakken zama shi ne ya same shi. Saboda haka maganar dammai magana ce ta asalin sinadarin da rayuwa ta ginu a kansa.

5.0 Yadda Ake Fizge Dami da Furoton

Zato da lissafi ba su isa hujja ba, sai an gwada. Ba kuwa wani madubi da zai nuna cibiya. Hanyar da ake bi ita ce a jefe ta da wani abu, a duba abin da ya fito, da inda ya nufa, da kuzarin da ya ɗauka. Furoton ya dace da wannan aiki domin ƙwaya ɗaya ce, ba ta tarwatsewa a irin wannan kuzari, tana da caji wanda ya sa ake iya ingiza ta da lantarki a kuma juya ta da maganaɗisu, sa'an nan an auna yadda take karo da alfa a fili tun da daɗewa.

Sharaɗi na farko shi ne gudu. Furoton mai ɗan kuzari idan ya shiga cibiya sai ta haɗiye shi, kuzarinsa ya watsu cikin dukkan ƙwayoyin, daga baya wani abu ya fito. Idan alfa ce ta fito, ba za a iya cewa dama can tana nan ba, domin mai yiwuwa ne hargitsin ne ya haɗa ta. Wannan shi ne raunin gwajin Cockcroft da Walton a matsayin hujja. Amma furoton mai MeV 100 yana gudun da ya haura kilomita 120,000 a sakan, watau kashi 43 cikin 100 na gudun haske. Yana ƙetare cibiya tun kafin ƙwayoyinta su sake zama. Daɗin daɗawa, kowace ƙwaya mai gudu tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyar furoton mai wannan kuzari bai kai femtomita 3 ba, saboda haka yana iya bugun wani sashe na cibiya ya bar saura suna 'yan kallo.

Ga yadda ake shirya gwajin. Na'ura mai suna saikulotoron tana kewaya furoton cikin maganaɗisu tana ƙara masa gudu, sa'an nan ta cillo shi ta cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, ya bugi wani siririn fallen kabon ko litiyam. Ana kafa na'urorin ganowa guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗaya tana jiran furoton da ya karkace, ɗaya tana jiran alfa. Ba a ƙidaya komai sai su biyun sun yi motsi lokaci guda. A rubuce ana taƙaita wannan gwaji da alamar (p,pα), watau furoton ya shiga, furoton da alfa suka fito.

Daga nan sai lissafi, wanda a tushensa bai fi na ɗan kasuwa wuya ba: abin da ya shiga dole ya yi daidai da abin da ya fita. Idan furoton ya zo da MeV 100 ya bugi kabon-12, kuɗin kwance damin MeV 7.4 ne, saura 92.6. In an tara kuzarin abubuwan da suka fito aka sami 92.6, to an san abin da ya rage beriliyam-8 ne a matakinsa na ƙasa, ba tare da an gan shi ba. Haka kuma ake lissafin ƙarfin tafiya. Idan ƙaramin ƙwallo mai gudu ya bugi wani da ya ninka shi nauyi sau huɗu yana tsaye, kusurwar da ɗaya ya bi ita take ƙayyade kusurwar da ɗayan zai bi. In aka tarar cewa furoton da alfa sun fi fitowa a daidai waɗannan kusurwoyi biyu, ragowar cibiyar kuma ba ta ko gusa ba, to furoton ya yi karo ne da abu guda mai nauyin ƙwaya huɗu wanda ya tarar a wurin. Ɗan bambancin da aka samu kuwa shi yake nuna irin motsin da damin yake yi a ciki kafin a buge shi.

6.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A 1977 Philip Roos da Nicholas Chant da abokan aikinsu a Jami'ar Merilan ta Amurka suka buga sakamakon irin wannan gwaji da furoton mai MeV 100 a kan ƙananan cibiyoyi, ciki har da litiyam-6 da litiyam-7 da beriliyam-9 da kabon-12. Litiyam biyun nan misali ne mai kyau. A litiyam-6, inda alfa take tare da furoton ɗaya da nutiron ɗaya, ƙidayar ta fi yawa a daidai inda ragowar ba ta motsa ba. A litiyam-7 kuwa, inda abokin zaman alfa ƙwayoyi uku ne, ƙidayar tana raguwa a wannan wuri, ta ɗaga a gefe da gefe. Dalili shi ne, a litiyam-7 sassan biyu kewaya juna suke yi, saboda haka da wuya a tarar da damin a tsaye. Tsarin dammai ya riga ya faɗi haka kafin a auna.

Wani muhimmin gwaji an yi shi ne a nahiyar Afirka, a iThemba LABS kusa da Kep Tawun a Afirka ta Kudu, inda ake da saikulotoron mai iya kai furoton MeV 200. Kowane furoton yana juyawa a kan kansa kamar katantanwa, kuma ana iya shirya su su riƙa juyawa ta fuska ɗaya. Idan aka yi haka, yawan waɗanda suke karkata dama yakan bambanta da na hagu, kuma wannan bambanci tamkar zanen yatsa ne na abin da suka buga. A 2009 J. Mabiala da Anthony Cowley na Jami'ar Stellenbosch da abokan aikinsu suka nuna cewa a kabon-12, da furoton mai MeV 100, wannan bambanci yana bin sawun wanda ake samu idan furoton ya bugi hiliyam a fili. Watau abin da ke cikin kabon ya amsa bugu kamar yadda alfa sakakkiya take amsawa.

Akwai cibiyoyin da ba a iya yin falle da su, ko don ƙarancinsu ko don gajeren ransu. A nan sai a juya gwajin: a ingiza cibiyar ita kanta, a buga ta a kan haidirojin, wanda cibiyarsa furoton ce. Da wannan dabara aka gwada beriliyam-10 a RIKEN ta Japan, aka buga sakamakon a 2023. Ya yi daidai da lissafin da ya ɗauke shi a matsayin alfa biyu da nutiron biyu suna kewaya su suna riƙe da su, kamar igiyar da ta haɗa dami biyu.

Har a manyan cibiyoyi an ga alamar. A 2021 Junki Tanaka da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwajin da suka yi a Jami'ar Osaka da furoton mai MeV 392, a kan kuza iri huɗu: 112, 116, 120 da 124. Sun tarar da alfa a fatar cibiyar, kuma yawanta yana raguwa gwargwadon yadda nutiron yake ƙaruwa, kamar yadda Stefan Typel ya lissafta tun 2014. Wannan ya ƙarfafa abin da Gamow ya ɗauka a 1928.

7.0 Girgiza Cibiya Maimakon Fizge Dami

Matakin Hoyle ba ya daɗewa har a yi falle da shi, saboda haka akwai hanya ta biyu. A nan furoton yana bugun kabon-12 ya bar masa wani kaso na kuzarinsa ya wuce. Idan ya shiga da MeV 66 ya fito da abin da ya gaza, to giɓin shi ne matakin da cibiyar ta hau, da ɗan abin da ta ci wajen ja da baya. Ta haka ake zana dukkan matakan cibiya kamar matakalar tsani.

Tambayar ita ce siffar dammai ukun. A 1956 Haruhiko Morinaga ya kawo shawarar cewa a jere suke kamar tsakiya a zare. Ana iya gwada wannan, domin abu mai tsawo idan an juya shi yana cin kuzari kaɗan, dunƙulalle kuwa yana cin mai yawa. Saboda haka aka daɗe ana neman matakin da yake nuna juyawar matakin Hoyle, amma wasu faffaɗan matakai sun lulluɓe shi. A 2009 Martin Freer na Jami'ar Bamingam da abokan aikinsa, da furoton mai MeV 66 a iThemba, suka ba da shaidarsa kusa da MeV 9.6. Wani gwaji dabam da aka yi da hasken gama a Jami'ar Duke ta Amurka, wanda aka buga a 2013, ya tabbatar da shi kusa da MeV 10. Tazarar fiye da MeV 2 da ke tsakaninsa da matakin Hoyle ta yi yawa ga jeri miƙaƙƙe. Masana sun fi karkata ga siffar kusurwa uku a buɗe, ko kuwa dammai uku masu yawo a sake cikin cibiya da ta kumbura ƙwarai.

8.0 Iyakar Wannan Hujja

Wajibi ne a faɗi inda hanyar take da rauni. Da farko, alfar da aka buga can tsakiyar cibiya ba ta cika fitowa lafiya ba, domin sauran ƙwayoyi suna tarwatsa ta a hanya. Abin da na'ura take gani galibi daga fatar cibiya ya fito. Na biyu, furoton yana lanƙwasa a shigarsa da fitarsa, kuma sai an gyara wannan da lissafi, irin wanda Chant da Roos suka tsara a 1977. Adadin dammai da za a fitar ya dogara da zaton da aka sa cikin lissafin, shi ya sa masu bincike biyu suke iya samun adadi mabambanta daga awo ɗaya.

Na uku, shi kansa misalin dami yana da iyaka. Zangarniyar da aka ɗaure a dami tana nan a cikinsa har ranar sussuka. Ƙwayoyin cibiya kuwa ba a bambanta ɗaya da 'yar'uwarta, suna musayar wuri a tsakanin dammai, damin ya haɗu ya narke ya sake haɗuwa. Abin da gwaji yake aunawa shi ne yiwuwar a tarar da ƙwayoyi huɗu a dunƙule a lokacin da furoton ya iso. A kabon-12 na matakin ƙasa zaman biyu a cakuɗe suke, a matakin Hoyle kuwa dammai ne suka rinjaya.

9.0 Rabon Nijeriya

An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da dokar 1976, daga baya aka ɗora aikin bincike da horarwa a kan jami'o'i biyu, ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Ile-Ife. A Zariya ne aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar, mai suna NIRR-1, a 2004. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki da ƙarfin wajen kilowat 30, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa. Nutiron take samarwa don gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Ba ta harba furoton, amma batun dammai yana cikinta, domin an kewaye zuciyarta da beriliyam wanda yake mayar da nutiron ciki. Beriliyam-9 kuwa alfa biyu ne da nutiron ɗaya da ya riƙe su, wanda MeV 1.67 kawai ya isa ya cire shi, alhali a kabon sai 18.7. Wannan sakakken ɗauri ne ya sa beriliyam yake saurin ba da nutiron, kuma daga gare shi ne Chadwick ya fara fitar da nutiron a 1932.

A Ile-Ife kuma an kafa na'urar ingiza ƙwayoyi mai bolt miliyan 1.7 a 2008, wadda iyakar furoton ɗinta wajen MeV 3.4 ne. Wannan ya yi nisa da MeV 100 da fizge dami yake bukata. Duk da haka, gwajin litiyam-7 na Cockcroft da Walton, da wanda furoton yake bugun boron-11 ya fitar da alfa uku da kuzarin MeV 8.7, dukkansu suna faruwa da furoton da bai kai MeV 1 ba. Irin wannan na'ura ta isa a koya wa ɗalibi kama ƙwayoyi biyu lokaci guda da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, wanda shi ne ginshiƙin manyan gwaje-gwajen.

Sa'an nan rabin aikin ba a gaban na'ura ake yinsa ba. Kamar yadda aka gani, awo ba ya zama hujja sai an bi shi da lissafi, kuma alkaluman gwaje-gwajen da aka ambata an buga su, an kuma tara da yawa daga cikinsu a rumbun bayanai na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana, inda kowa yake iya ɗauka kyauta ta intanet. Malami ko ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, in yana da kwamfuta da ƙwarewa a lissafi, yana iya sake bin waɗannan alkaluma. Abin da wannan yake bukata shi ne malaman lissafi da kimiyya tun daga sakandare, da wutar lantarki, da zaman lafiyar da zai bar makarantu a buɗe.

10.0 Kammalawa

An ga cewa ƙwayoyin ƙananan cibiyoyi suna haɗuwa huɗu-huɗu su zama alfa, musamman idan cibiyar ta kusanci gaɓar warwarewarta. An ga yadda furoton mai tsananin gudu yake fizge irin wannan dami, da yadda kusurwa da kuzari da juyawar furoton suke ba da shaidar cewa ya tarar da shi ne a wurin. An kuma ga cewa samuwar kabon a cikin taurari ta rataya ne a kan mataki guda na dammai uku, a MeV 7.65. Abin da ya rage a warware shi ne ainihin siffar wannan mataki, da ko akwai makamancinsa na dammai huɗu a oksijin-16 kusa da gaɓarsa ta MeV 14.4, da kuma yadda za a daidaita lissafi har awo ɗaya ya ba da adadi ɗaya. Kaso mai yawa na waɗannan tambayoyi aikin alƙalami ne da kwamfuta, kuma babbar na'urar da ake gwada amsoshinsu akwai irinta a nahiyar Afirka.